Yadda Ake Lissafin Kuɗin Wuta Daga Mita

A Watari da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kamar yadda yake a Bagwai da Bichi, magidanta da yawa sukan karɓi takardar kuɗin wuta su duba jimlar da ke ƙasa kawai. Wani ya biya yana gunaguni, wani ya cusa ta a aljihu har bashi ya taru. Alhali duk wanda ya koyi debewa da sau a ajin yaƙi da jahilci zai iya bin lissafin nan da kansa.

Har yanzu jama'a suna cewa "'yan NEPA", amma an sauya wa NEPA suna tun 2005. Daga 2013 kamfanin KEDCO ne yake rarraba wutar lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa.

Mita ma'auni ce, kamar tiya a kasuwar hatsi. Abin da take aunawa shi ne yunit. Kowane kayan wuta yana da ƙarfinsa, wanda ake kira wat, kuma akan rubuta shi a jikinsa. Wat 1,000 na tsawon awa ɗaya shi ne yunit ɗaya. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 100 yakan cinye yunit ɗaya a awa 10. Ƙwan zamani mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100. Dutsen guga mai wat 1,000 awa ɗaya ta ishe shi. Wato kayan da suke yin zafi su ne masu cin kuɗi.

Lambobin da ke fuskar mita ba sa komawa sifiri a ƙarshen wata. Gaba suke yi kullum, kamar ma'aunin tafiya na babur. Nan ne mutane da dama suke rikicewa, su zaci babbar lambar da suka gani ita ce wutar da suka sha a watan. Ba haka ba ne. Wutar wata ita ce bambancin da ke tsakanin karatu biyu.

Ga misali. A ce a watan jiya mitar wani gida ta nuna 4,520, a wannan wata kuma ta nuna 4,600. Sai a debe 4,520 daga 4,600, saura 80. Gidan ya sha yunit 80 ke nan. A wasu tsofaffin mitoci akwai lamba ɗaya a ƙarshe cikin jan gida. Wannan ɓarin yunit ne, ba a sa shi a lissafi.

Daga nan sai farashi. A ɗauka yunit ɗaya Naira 50 ne. Wannan misali ne kawai, ainihin farashin yana rubuce a takardar kowane gida. To, 80 sau 50 ya ba da Naira 4,000. A kan wannan akwai harajin gwamnati da ake kira VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a watan Fabrairu na 2020. Wato Naira 75 a kan kowace Naira 1,000. Harajin Naira 4,000 ya zama Naira 300. Kuɗin watan ya tashi Naira 4,300.

Idan jimlar takarda ta wuce haka, abu na farko da za a duba shi ne gurbin bashin baya. In akwai ragowar Naira 2,000 daga watan jiya, takarda za ta zo da Naira 6,300. Wani lokaci ma an riga an biya, ba a kai ga shigar da kuɗin ba ne. Shi ya sa rasit ba abin ƙunshe ƙosai ba ne. A adana shi tare da takardun gona.

Farashin yunit ba ɗaya ba ne ko'ina. A 2020 hukumar NERC mai lura da harkar lantarki ta kasa layukan wuta rukuni biyar bisa awannin da ya kamata su samu a rana: rukunin A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Masu samun wuta sosai su suka fi biya. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga yunit na rukunin A zuwa Naira 225. Ya kamata mai gida ya san rukunin layinsa.

Inda rigima ta fi yawa shi ne kintace. Idan ma'aikaci ya zo ya tarar da gida a kulle, ko gidan ba shi da mita, sai a ƙiyasta. Kintace yana iya wuce gaskiya, yana iya kasawa. A Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka ga abin da za a ƙiyasta wa gidajen da ba su da mita. Mai mita kuwa maganin yana hannunsa. Ya sami ƙaramin littafi, ranar ɗaya ga kowane wata ya rubuta kwanan wata da lambar da ya gani. In akwai waya mai kyamara a gidan, a ɗauki hoto. Takarda na zuwa sai ya gwama. In takarda ta ce 4,700 alhali mita ba ta wuce 4,600 ba, an ɗora masa yunit 100 da bai sha ba. Sai ya ɗauki littafinsa da takardar da rasit ya nufi ofishin kamfani ya nemi a gyara. Taɓa mita ko haɗa waya ta bayanta laifi ne, ga kuma hatsarin gobara.

Mita mai kati ba ta da wannan wahala, domin kuɗi ake fara biya. Lissafin juyewa yake yi: a fitar da haraji, sauran a raba da farashin yunit. A misalin nan, Naira 4,300 za ta sayi yunit 80, kuma lambar fuskar mitar raguwa take yi har ta ƙare.