Waldar tiyon inos maras kauri

Darasinmu na yau na masu walda ne, da yaran da ke koyon sana'ar.

Inos ƙarfe ne wanda ba ya saurin tsatsa. Dalili, akwai wani ƙarfe cikinshi mai suna kurom, aƙalla kashi 10 da rabi cikin 100. Da inos ake yin tiyon da madara da ruwan sha ke bi.

Walda mai kyau ita ce wadda ta ratsa ƙarfe har ciki. In ta tsaya bisa kawai, tsaga tana nan daga ciki. Dauɗa ta maƙale wurin, madara ta lalace, wata rana tiyo ya yi yoyo.

Inos yana riƙe zafi wuri guda. Wuta in ta yi yawa, tiyo ya huje. In ta yi kaɗan, walda ba ta ratsa ba. Aikin da ya fi dacewa da shi shi ne waldar TIG, mai tsinken tungustan da iskar argon.

Ga yadda za ka yi:

1. Ka yanke bakin tiyo daidai. In kaurinshi bai kai milimita 2 ba, baki ya haɗu da baki, kar ka bar rata.
2. Ka goge maiƙo da asetan. Buroshin da ya taɓa baƙin ƙarfe, kar ya taɓa inos.
3. Ka toshe bakunan tiyo, ka sa argon ciki, ka bar ƙaramin rami don iska ta fita. In babu argon ciki, bayan walda ya ƙone, ya yi baƙi da kaushi, tsatsa ta samu hanya.
4. Ka ɗiga walda wuri huɗu kewaye da tiyo don kar ya goce.
5. Ga kaurin milimita 1 da rabi, ka fara da amper 40 zuwa 50. Ka gwada bisa guntun tiyo tukuna.
6. Tsakanin tsinke da ƙarfe kar ya wuce milimita 2. Ka jira ƙarfe ya narke, sannan ka tafi da hannu bai ɗaya.

In ka gama, ka haska tocila cikin tiyo. Ka ga siririn layi ya kewaye babu yankewa? To, walda ta ratsa. Ka duba launi kuma. Ruwan zinariya alama ce mai kyau. Toka-toka ko baƙi, zafi ya yi yawa: ka rage wuta ko ka ƙara sauri.

Hayaƙin inos yana cutar huhu, argon kuma yana korar iskar numfashi cikin ƙuntataccen ɗaki. Ka yi aiki inda iska ke shiga, amma ka kare bakin walda daga guguwa. Ka sa gilashin fuska da safar hannu.

Wanda ya karanta, ya karanta ma wanda bai iya ba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.