Me Zan Dasa Ya Tare Mini Iska A Lambun Gida?

Wannan tambaya ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa a unguwar Zaitawa cikin birnin Kano. Ya ce iyalinsa na shuka tumatir da kuɓewa da alayyafo a wani ɗan fili a bayan gida, to amma shekara biyu ke nan iska na kwantar musu da shuka, alhali katanga ta kewaye wurin. Shin darbejiya zai dasa, ko kuwa katangar zai ƙara wa tsawo?

To malam, bar katangar nan yadda take. Iska in ta daki abin da ba shi da kafa, hayewa take yi ta sama, ta faɗo ciki tana juyi kamar guguwa, kuma wannan juyin ne ke karya maka tumatir. Abin da kake bukata shi ne shinge mai 'yan kafofi tsakanin katanga da shuka, wanda zai tace iskar ya rage mata ƙarfi. Ka sa shi ta gabas da arewa, domin ta nan iskar hunturu da ta hadarin farkon damina suke zuwa mana.

Ita darbejiya babu shakka tana tare iska, amma a fili. Da ita aka yi layukan tare iska a kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar tun daga 1975, manoman gero kuwa suka ga amfaninta. Sai dai a cikin birni, inda gida ke jingine da gida, saiwarta kan tsaga katanga ta shiga masai, inuwarta ta hana kayan lambu tashi. Kada garin ceton tumatir ku kai gaban mai unguwa kai da maƙwabcinka.

A namu ganin lalle ya fi dacewa da kai. Yana jure fari, yana cika tun daga ƙasa in ana aske shi, ga shi uwargida za ta daka ganyen ta sayar. Bayansa ka jera zogale, amma ka riƙa sare kansa daidai ƙirji, don itacensa ba ƙwari, in ya yi tsawo shi iska za ta fara karyawa. Bini-da-zugu kam, gidan da ke da yara a bar shi, domin cin 'ya'yansa na sa amai da gudawa.

Kafin lallen ya tashi, kafa zana mai sakin saƙa, da damina kuma ka shuka layi biyu ko uku na dawa ko rama a gefen.

Batun turken tumatir, karan dawa ya fi araha amma kaka ɗaya gara ke barinsa. In da hali nemi gora ko tsagin azara, ka babbake gindin, ka binne shi zurfin kamu guda ta ɓangaren da iska ke fitowa. A kafa shi ranar dashe, don in an jira shuka ta girma sai a tsinka mata saiwa. Wajen ɗauri a yi da tsumma ko igiyar rama, sako-sako yadda yatsa zai shiga, ban da waya, don tana yanka kara.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.