Mala'ika ko Aljani? Yadda Wani Littafin Soyayya Ya Raba Kan Masu Karatu

A hutun da ya gabata 'yar yayana mai shekara 16 ta zo mana da wani littafin Turanci da ya hana ta barci. Sunansa Fallen, wata Ba'amurkiya mai suna Lauren Kate ta rubuta shi, ya fito a 2009. Na karɓa na karance shi cikin kwana biyu, ba don daɗinsa ba, sai don in san abin da ke shiga kan yarinyar.

Labarin wata budurwa ce, Lucinda Price, da aka kai makarantar gyaran hali a birnin Savannah na jihar Jojiya, inda ta haɗu da wani saurayi, Daniel Grigori. Ashe mala'ika ne da aka koro daga sama, ita kuwa duk bayan shekara 17 sai su haɗu, su so juna, ta mutu, a sake haifo ta ba ta tuna komai.

A Amurka masu karatu sun rabu gida biyu. 'Yan mata da yawa sun ruɗu da soyayyar da mutuwa ta kasa kashewa, littafin ya shiga jerin waɗanda suka fi kasuwa na jaridar New York Times, ci-gabansa uku suka biyo baya tsakanin 2010 da 2012, aka kuma yi fim ɗinsa a 2016. Ɗaya ɓangaren ya ce kwaikwayon Twilight ne na 2005, an dai musanya mashayin jini da mai fukafukai. Abin da ya fi ɓata musu rai shi ne halin saurayin: ganin farko da ya yi wa yarinyar, irin daƙuwarsu ta yatsa ɗaya ya yi mata, ya ci gaba da wulaƙanta ta, ita kuwa tana biye da shi domin wai ƙaddara ce.

Da aka koma makaranta sai na ba ɗalibaina na darasin fassara taƙaitaccen labarin, na ce su mayar da shi Hausa. Ba wanda ya tsaya kan daƙuwar. Kan kalma ɗaya aka yi cirko-cirko. Wani ya rubuta "korarren mala'ika", nan take ajin ya ce babu wannan halitta. Suna da hujja: aya ta 6 a Suratut Tahrim ta ce mala'iku ba sa saɓa wa umarnin Allah, aya ta 50 a Suratul Kahfi kuma ta ce Iblis daga aljanu yake. Marubuciyar daga wata rijiya dabam ta ɗebo ruwanta. Sunan Grigori kansa ya samo asali ne daga kalmar Girkanci mai nufin masu tsaro, wato mala'iku 200 da Littafin Anuhu ya ce sun sauko sun auri 'yan Adam, littafin da cikakkensa bai tsira ba sai a harshen Ge'ez na Habasha.

Abin mamaki, batun mutuwa a dawo bai tayar wa kowa da hankali ba, alhali shi ma ya ci karo da aƙida. Ina jin Indiyawa ne suka riga suka yi mana allurarsa. Wanda ya taso da Karan Arjun na 1995 da Om Shanti Om na 2007 ya daɗe da koyon kallon irin wannan a matsayin tatsuniya, balle kuma tun kafin zuwan silima kakanninmu na da zancen ɗan wabi.

Can sai wata ɗaliba ta ce a sa "aljani" kawai a huta. Kowa ya yarda, aka sake karanta fassarar, sai ajin ya yi tsit. Labarin ya canza kama baki ɗaya. Aljanin da ke bin yarinya shekaru aru-aru, yana ɓoye mata gaskiya, yana nesanta ta da kowa, kuma duk kusantarsa ajalinta ce, ai Bahaushe ya san sunansa: namijin dare. Ba a rubuta masa waƙar soyayya, mai ruƙiya ake kirawa. A nan na fahimci aikin da kalmar mala'ika ke yi a littafin. Ita ce ke wanke saurayin, ta sa mai karatu ya yafe masa abin da ba zai yafe wa ɗan maƙwabta ba. Masu sukar Amurka sun hango ciwon ta fuskar hali, ɗalibaina sun faɗa kansa ta fuskar lugga, kuma a ganina ciwon na hali ya fi zama haɗari ga yarinya mai shekara 16, domin aƙidarta ba ta girgiza ba, amma ma'auninta na saurayi nagari yana iya karkacewa.

Ban ƙwace littafin ba. Na dai tambaye ta, da a ce Daniel aljani ne, za ta so shi? Ta yi dariya ta ce, "Haba Baffa, ai da tun shafi na ashirin na ajiye." Ta ɗan yi shiru, sannan ta tambaye ni ko zan sayo mata na biyun idan na je Abuja.