Ootheca: Ƙwarin da ke Huda Ganyen Wake

Ootheca rukuni ne na ƙananan ƙwari masu taurin fiffike da ake samu a yankunan Afirka masu zafi. Masana sun sanya su cikin babban dangin Chrysomelidae, wato maciya ganye, a reshen Galerucinae.

Wanda manoman Afirka ta Yamma suka fi fama da shi shi ne Ootheca mutabilis. Tsawonsa bai wuce milimita 6 ba, amma idan ya sauka a gonar wake tun tana 'yar tsiro, sai ya bar ganyen duk huji kamar rariya. Macen takan zuba ƙwai a ƙasa, tsutsotsin su ci saiwa. Abin da ya fi muni, yana yaɗa cutar da ke sa ganye dabbare-dabbare. A Gabashin Afirka kuwa, Ootheca bennigseni ne ya addabi manoma.

Tantance jinsunan ba wasa ba ne. Launi yakan yaudari mai kallo, domin a jinsi guda ana samun ja-ja, mai ruwan ƙasa, da mai baƙin fiffike. Shi ya sa masana ke duba al'aurar namiji da madubin ƙara girma kafin su yanke hukunci.