Hilar da Larura ta Haifa a Harshen C++

Duk ɗalibin da ya sayi kwamfuta ta hannu a Beirut Road ko a France Road ta Sabon Gari, ya duƙufa ga koyon harshen C++, wanda Bjarne Stroustrup ya aza harsashinsa a Amurka a 1979, ba zai jima ba sai ya ci karo da mas'alar aro, domin manhaja kan ari wuri a ma'adanar na'ura, wajibi ne kuma ta mayar, in ko ta yi sakaci sai ma'adanar ta yi ta ƙarewa har aiki ya tsaya cik. Don maganin haka aka ƙago manuni mai wayo, wanda ke riƙe da adireshin wurin, ya kuma mayar da shi da kansa in wa'adi ya cika.

Sai dai kompaila, wato manhajar da ke juya rubutun ɗan Adam zuwa abin da na'ura ke fahimta, kwafi kaɗai ta sani a da, ba ta san miƙa mallaka daga hannu zuwa hannu ba, alhali kuwa in manuni biyu suka mallaki wuri guda, kowanne zai mayar, ɓarna ta auku. Saboda haka manuni mai wayo na auto_ptr, wanda Greg Colvin ya gabatar a 1994, ya kuma shiga ƙa'idar harshen ta 1998, bisa hila aka gina shi: a zahiri kwafi ake yi, a baɗini kuwa ƙwace wa na farko ake yi, a bar shi fanko ba da sanin marubuci ba. Wanda ya tara irinsa da yawa ya ce a jeranta masa su, yana iya tarar da wasu sun salwanta.

Ni dai ban ga laifin magabatan nan ba, larura ce ta tilasta musu, kamar mai taimama da ya rasa ruwa. Amma ruwa ya samu tun 2011, lokacin da harshen ya koyi miƙa mallaka a sarari, aka kawo sabon manuni mai wayo, unique_ptr, a 2017 kuma aka soke auto_ptr ɗungurungum.

Abin da ke damuna shi ne tsohuwar manhajar rubuta C++, wato Dev-C++ ta 2005, wadda ba ta san wannan sauyi ba. Malaman cibiyoyin koyon kwamfuta na Fagge da Sabon Gari, don Allah ku duba abin da ke kan na'urorinku, ku ɗora wa almajiranku sabuwar kompaila ta GCC, kyauta ake samunta.