Jirgin Comet da ya tsira da tagoginsa na asali

A arewa da birnin Landan, kusa da wani gari da ake kira London Colney, akwai gidan ajiyar tsofaffin jiragen sama na kampanin de Havilland. Cikin kayan da ke wurin akwai gangar jikin wani jirgi, ba fukafuki, ba wutsiya, ba inji. Lambarsa F-BGNX, dā kuwa na kampanin Air France ne. Wanda bai san labari ba sai ya ɗauka tarkace ne. Amma cikin dukan jiragen irinsa shi kaɗai ya rage da tagoginsa na asali masu kusurwa huɗu, waɗanda aka daɗe ana ɗora wa alhakin rayukan mutane da yawa.

Sunan irin wannan jirgi Comet, watau tauraro mai wutsiya. Na farkonsu ya tashi ran 27 ga Yuli 1949 daga Hatfield, ƙasar Ingila. A zamanin nan jiragen fasinja masu farfela ne, suna ratsa gajimare da iska mai jijjiga, ga ƙara mai toshe kunne. Shi Comet inji 4 gare shi, an binne su cikin gindin fukafukansa. Suna haɗiyar iska, su ƙone ta da kananzir, su fesar da ita baya. Yana hawa har wajen metir 12.000, bisa hadari, yana gudun fiye da kilometir 700 a awa. Ran 2 ga Mayu 1952 kampanin BOAC ya ɗauki fasinja 36 daga Landan zuwa Johannesburg, da zango 5 a hanya, cikin awa 23 da minti 40. Ran nan ne aka fara ɗaukar mutane da kuɗinsu cikin jirgin jet.

Faransawa ba su tsaya kallo ba. Cikin watan Fabrairu 1953 kampanin UAT ya sa Comet bisa hanyar Paris, Kazabalanka da Dakar, kuma a shekarar nan jirgin ya riƙa sauka Kano in za shi Barazabil. Air France ta sayi guda 3, masu kujera 44. F-BGNX shi ne na farinsu: ya fara tashi ran 6 ga Mayu 1953, aka miƙa shi cikin watan Yuni. Ran 26 ga Agusta kampanin ya buɗe hanyar Paris, Roma da Bairut da waɗannan jirage.

Murnar ba ta daɗe ba. Tun ran 2 ga Mayu 1953 wani Comet na BOAC ya wargaje kusa da Kalkata, mutum 43 suka rasu. Da yake ana hadari mai ƙarfi, sai aka ɗora wa hadarin laifi. Ran 10 ga Janairu 1954 kuwa sama garau take. Jirgin nan da ya buɗe hanyar Johannesburg, mai lamba G-ALYP, ya tashi daga Roma, bayan kamar minti 20 ya fashe bisa teku kusa da tsibirin Elba, da mutum 35. Aka tsai da jiragen, aka yi musu gyare-gyare iri-iri bisa zato, gama babu wanda ya san ainihin cutar. Ran 23 ga Maris aka sake su. Wannan gaggawa ce mai tsada ƙwarai: ran 8 ga Afrilu wani kuma ya tashi daga Roma, ya tarwatse wajen Napoli, mutum 21 suka halaka. Daga nan hukuma ta hana Comet tashi gaba ɗaya. Aikin F-BGNX na ɗaukar fasinja ya ƙare ke nan, bai ko cika shekara guda ba.

Don mai karatu ya gane abin da ya faru, sai ya tuna cewa can bisa iska ba ta isar mutum numfashi. Saboda haka ake hura iska cikin jirgi, a matse ta, har na ciki su ji kamar suna bisa dutse mai tsawon metir 2.400 kawai. Duk tashi jikin jirgi ya kumbura kaɗan, duk sauka ya saki, kamar salka da ake cikawa ana juyewa. Fatar Comet kuwa, don a rage nauyi, kaurinta bai kai milimetir 1 ba.

Aka danƙa binciken ga ma'aikatar gwajin jirage ta Farnborough, ƙarƙashin Arnold Hall. Sojan ruwan Ingila suka yi watanni suna tsamo guntayen jirgin Elba daga ƙasan teku, ana jera su bisa katako har siffarsa ta komo. A gefe guda kuma aka gina wani ƙaton tanki, aka sa jikin wani Comet sukutum a ciki, fukafukansa na waje, aka cika tankin da jirgin duka da ruwa. Hikimar ita ce, ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ƙarfe ya tsage, ba zai fashe ya ɓatar da shaida ba. Dare da rana ana ƙara matsi ana ragewa, kowane zagaye a matsayin tafiya guda. Ran 24 ga Yuni 1954, bayan tafiya 3.057, in an haɗa na gaske da na tanki, jikin ya tsage daga kusurwar wata ƙofar gudun tsira.

Masana suna kiran wannan gajiyar ƙarfe. Waya in aka yi ta lanƙwasa ta a wuri guda, daga baya sai ta karye ba da wani ƙarfi ba. Kowane tela kuma ya san aljihun riga daga kusurwa yake fara yagewa. Sai dai zancen da ya bazu, wai tagogin fasinja ne suka kashe mutanen Elba, bai cika daidai ba. Guntayen sun nuna tsagar ta faro ne daga ramin wata ƙusa, kusa da wata ƴar kafa da aka yanka a rufin jirgin domin eriyar rediyo. Laifin na kusurwa ne, da siririyar fata, da yadda aka huda ramukan ƙusoshi.

Kampanin de Havilland bai ɓoye sakamakon ba, sauran maƙeran jirage kuwa suka amfana. Da Comet 4 ya fito, da fata mai kauri da tagogi masu siffar ƙwai, shi ne jirgin jet na farko da ya buɗe hanyar fasinja ta ƙetaren tekun Atlantika ran 4 ga Oktoba 1958. Amma makonni 3 bayan haka Boeing 707 ya shigo, ya fi shi girma, ya kwashe kasuwa. Comet 114 kaɗai aka ƙera, na ƙarshe ya bar ɗaukar fasinja a 1980. Goshinsa dai ya ci gaba da yawo: jirgin Faransa Caravelle daga Comet ya ɗauki fasalin hancinsa da ɗakin matuƙa, Air Afrique kuwa, wadda Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa ta a 1961, ta yi aiki da Caravelle tun daga 1967.

Shi F-BGNX, a 1956 aka mai da shi Ingila, aka kai shi Farnborough, aka cire masa fukafuki. Nufin shi ne a sa shi cikin tanki, a matsa shi har ya tsage kamar ɗan'uwansa. Layi bai taɓa zuwa kansa ba. Aka lulluɓe shi, aka ajiye, shekara kusan 30. Da an ga yana da sauran amfani a sama, da an canja masa tagogi, kamar yadda aka yi wa abokin tafiyarsa F-BGNZ: shi an ƙarfafa jikinsa, ya ci gaba da aikin gwaji, daga baya aka ajiye shi a gidan tarihin Cosford sanye da fentin BOAC, kampanin da bai taɓa yi wa aiki ba.

A 1985 aka ɗauko gangar jikin F-BGNX zuwa London Colney, cikinta wayam. Ta yi shekaru a fili, ruwa da sanyi na dukanta, kafin a samu rumfar da za a shigar da ita. Masu aikin sa kai ne suka ɗauki nauyin gyaranta. Da yake an daɗe da barin ƙera kayan Comet na farko, sai da suka yi ta neman agogunan ɗakin matuƙa ɗaya bayan ɗaya, abin da ya gagara samuwa kuma suka ƙera shi da hannu. Tagogin kam ba su taɓa su ba.