Jan Ruwa a Gaɓar Fulorida: Inda Hasashe Yake Tsayawa

Daga Oktoban 2017 har zuwa farkon 2019, gaɓar kudu maso yammacin jihar Fulorida ta Amurka ta yi fama da jan ruwa, wato yawaitar wata ƙwayar gansakukar teku mai suna Karenia brevis, wadda ido ba ya gani sai ta taru ta rina ruwan. Dafinta yana kama jijiyoyi, shi ya sa igiyar ruwa ta riƙa zubar da matattun kifaye da kunkuru da ayu a bakin yashi, kuma idan igiyar ta farfasa ƙwayoyin, iska kan kwashi dafin ta shiga da shi gari, masu ciwon asma su kwana suna tari. A watan Agustan 2018 gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci.

Yawaitar takan faro ne kilomita 16 zuwa 64 daga gaɓa, sau da yawa a can ƙasan ruwa, kafin iska da gudanar teku su turo ta bakin ƙasa. Wasu masana na ganin akwai hannun ƙurar Sahara a lamarin, domin sinadarin ƙarfen da take ɗaukowa ta tsallako Tekun Atilantika da shi yana ciyar da wata halitta, Trichodesmium, wadda ke zuƙo naitirojin daga iska, abin da Karenia ke ƙoshi da shi. Takin gona da ƙazantar birni da koguna ke zubowa ba su ne ke haifar da annobar ba, amma suna iya ƙara mata ƙarfi idan ta iso gaɓa.

Tun 2004 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, wato NOAA, ke fitar da hasashe, tana haɗa hoton tauraron ɗan'adam da bayanan iska da samfurin ruwan da ma'aikata ke ɗebowa su ƙirga ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Da zarar lita guda ta haura ƙwaya 5,000, sai a hana kamun dabbobin ruwa masu ɓawo. Sai dai tauraro fuskar ruwa kawai yake gani, gajimare kuma na rufe masa ido, saboda haka hasashen yana da amfani wajen sanin inda jan ruwa zai nufa cikin 'yan kwanaki, amma har yanzu bai kai ga faɗin ranar da zai tashi ko ranar da zai lafa ba.